Ramuwar Wankan Yaya Zulai

Furfuri,
Ƙaramar Hukumar Bunguɗu,
Jihar Zamfara.
Satumba, 2021.

Zuwa ga Gwaggona Hanatu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwarta, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Adamu da su Nana Khadija da duk mutanen gidanku na Shagamu. Yaya kasuwa, yaya kuma ruwan saman nan naku da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa hanyar nema, ya tsare ku daga abin ƙi, amin. Ni ce Wasila ta Baba Yahaya, wadda kika bari tana firamare. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, domin ko lokacin da waya ke aiki, in aka miƙo mini ke, gaisuwa kawai nake yi in mayar da ita da sauri. Ki gafarce ni, bakina ne bai iya magana da manya ba. Hannuna ya ɗan fi shi ƙarfin hali.

Mu nan muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Geron gonar bayan gari ya yi kyau, amma gonar nesa Baba bai taka ta ba bana, kin san dalili ba sai na rubuta ba. An rufe mana makarantarmu ta koyon aikin lafiya, na dawo gida daga Gusau, kuma an katse layukan waya a duk jihar, shi ya sa kika ji mu shiru. Wannan takarda Malam Jatau direba zan ba, wanda yake kawo miki daddawa da kuka daga wurin kakarmu Inna, mahaifiyarki. Akwai labari mai daɗi da ya kamata a ce kin ji tuni: Yaya Zulai ta zo daga Tsafe goyon ciki, kuma ta sauka lafiya, ta sami ɗiya mace. Sunanki aka sa mata. Takwara muke kiranta. Tana da gashi baƙi wuluk da dogayen yatsu, Inna ta ce naki ne sak. An yi suna ba taro, saboda halin da hanya take ciki.

Gwaggo, ba don wannan na ɗauki biro ba. Yaya Zulai ba ta da lafiya, kuma ina jin tsoron in ba a yi wani abu ba za mu rasa ta. Zan faɗa miki komai daga farko yadda na gani da idona, ki yi haƙuri da tsawon maganar.

Kin san Inna ita ke riƙe da jegon kowa a gidan nan. Tun ranar da Yaya ta haihu ta ɗaura ɗamara. Safe da yamma ana tafasa ruwa a rabin ganga, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata har tururi ya rufe banɗakin. Daga nan sai kwanciya a gadon ƙasa da aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa, sai kunun kanwa kwano guda, kanwar har tana ɗaci a maƙogwaro. Da yake ina gida, ni ce mai hura wuta, ni ce mai dama kunu. Da farko Yaya tana dariya tana cewa Inna so take ta dafa ta a ci da yaji. Bayan suna da 'yan kwanaki sai zobenta ya ƙi fita daga yatsa. Sai silifa ya daina shiga ƙafarta. In na danna ƙaurinta da yatsa, wurin sai ya lotsa ya tsaya haka kamar an danna tuwo mai ɗumi. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ga wani busasshen tari, kuma ba ta iya kwanciya a miƙe, sai dai a jingina ta da buhun gero da matasai, ta yi barci a zaune.

Daga nan kowa ya zo da sunan cutarsa. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, wai ranar suna ta gan ta ta taka tsakar gida ba takalmi bayan an ɗauke ruwa, kuma maganin sanyi ba ya wuce wuta, don haka aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Ungozoma ta ce shawara ce, ta kawo saiwoyi aka dafa. Ni kuwa an koya mana cewa shawara daga hanta take, ido yakan yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Na buɗe idon Yaya a bakin ƙofa wurin haske, fari ne fat. Wanzaminmu Tambaya ya ce mataccen jini ne ya sauka ƙafa, ya yi mata tsaga a idon sawu. Jini kaɗan ya fito, sauran duk ruwa ne yake tsattsafowa, kuma har yau tsagar ba ta rufe ba. Mai kemis na Bunguɗu da aka ɗauko ya ce taifot ne da zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda yake gaya wa duk wanda ya je wurinsa, alhali jikinta ko ɗumi babu. Ya rataya mata ƙarin ruwa a ƙusar bango. Kafin ledar ta ƙare numfashinta ya koma kamar na wanda aka danne wa ƙirji.

Na zauna ni kaɗai ina bin abin da aka koya mana a aji ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko ƙoda ce, don ita ma tana kawo kumburi, amma nata yakan fi bayyana a fuska da safe. Na ce ko ƙarancin jini ne, tunda ta zubar da jini wurin haihuwa, kuma tafin hannunta ya ɗan yi fari, amma ban ga yadda wannan kaɗai zai hana mutum kwanciya ba. Na ce ko tarin fuka ne, sai na tuna shi yana ramar da mutum ne a hankali, da zufa da zazzaɓi, ba ya kumbura shi. Sai na tuna ranar da malamarmu ta zana zuciya a allo, ta ce mu ɗauke ta kamar injin ban-ruwa na fadama: in ya yi rauni, ruwa ba ya tafiya, sai ya kwanta inda ya ga dama. Na yi kwana biyu ina tattara ƙarfin hali, sannan na durƙusa gaban Inna na ce ina jin ciwon zuciya ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wai zuciyar wa aka ɓata, mijinta ya saya mata atamfa har uku? Ta kira ni likitar bakin murhu, ta ce in je in duba wutar kada ta mutu. Kin san yadda jika take a wurin kaka, duk abin da na faɗa wasa ne.

Ranar da aka kai Yaya asibiti, a banɗaki ta sulale ana cikin wanka. Baba ya samo mota muka tafi Gusau, ni da shi da Umma tana riƙe da Takwara. Inna ta tsaya gida. Gwaggo, ban taɓa sanin cuta tana da yawa haka ba sai da na kwana a ɗakin matan nan. Gadon da ke kusa da namu wata yarinya ce da hawan jini ya sa ta jijjiga a kan gwiwa, ta ciji harshenta, aka ce da ta je awo da an gane tun ciwon kai da kumburi suna farawa. Akwai wata dattijuwa mai ciwon suga, ƙaya ce kawai ta soke ta a gona, miki ya ƙi warkewa har ana maganar yanke ƙafa. Ta ce mini ita dai ta san tana yawan ƙishirwa da fitsari, ta ɗauka zafin bazara ne. Can baya kuma an keɓe masu amai da gudawa, yawanci yara, daga ruwan da damina ta gurɓata, ana ta ɗura musu ruwan gishiri da suga. Wata nas mai kirki, da ta ga ina yawan kallo, ta riƙa gaya mini sunan kowace cuta da abin da ke kawo ta. Abin da na lura da shi, kusan kowa a ɗakin nan yana da maganin cutarsa, kuma kusan kowa ya zo a makare.

Aka yi wa Yaya hoton zuciya. Likitan ya kira Baba, ni kuma na tsaya a bayansa ina ji. Ya ce zuciyarta ce ta buɗe ta yi laushi, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a ƙafafu da huhu, kuma shi ya sa in ta kwanta take ji kamar tana nutsewa. Ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, suna ganinsa da yawa a ƙasarmu, kuma har yanzu ba a gama sanin duk abin da ke kawo shi ba. Amma ya ce abin da aka tabbatar shi ne kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma yana sa zuciya gudu, ita kuwa tata ba ta da ƙarfin gudun. Ya ce mata da yawa suna warkewa sarai in an kiyaye. Aka sa mata iska a hanci, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Gwaggo, da kin ga ikon Allah. Kumburin ya riƙa saɓewa kamar ana zare shi. Wata safiya na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da ita kwance a miƙe, ba matashi, tana barci da Takwara a gefenta. Na tsaya ina kallonsu har ruwan ya zube mini a ƙafa. Da ta farka ta cire zoben ta sa mini a yatsa, ta ce ladan jinya.

Aka sallame mu da ƙwayoyi, da sharaɗin kada ta kusanci kanwa, a rage gishiri, wanka da ruwa mai ɗumi kawai, ta riƙa komawa ana duba ta, kuma kada ta sake ɗaukar ciki da wuri. Likitan ya maimaita wa Baba cewa in aka bar maganin ruwan zai dawo, kuma ba lallai ne ya sauka a karo na biyu yadda ya sauka a na farko ba. Baba ya ce ya ji. Na yi zaton mun fita.

Muna shiga gida muka tarar da ganga a kan wuta. Inna ta dubi Yaya sama da ƙasa ta fashe da kuka, domin da kumburin ya tafi sai ramarta ta fito fili. Ta ce an ɗauke mata yarinya ɓul-ɓul an dawo mata da kara. Ta ce wankan jego kamar azumi yake, wanda ya sha sai ya rama, kuma duk kwanakin da aka yi a asibiti bashi ne a jikin Zulai, in ba a rama ba sanyin zai zauna mata a ƙashi har tsufa. Don haka yanzu ramuwa ake yi: bayan na safe da na yamma an ƙara na tsakar rana. Ƙwayoyin kuwa, da ta ga Yaya tana yawan zagawa, sai ta ce ga abin da ke tsotse ta nan, wai macen da ke zubar da ruwanta a banɗaki da me za ta shayar? A lokacin kuma nonon ya ragu, Takwara tana ta kuka. Inna ta tattara maganin ta sa a cikin langar nan mai hoton dawisu da ke saman jerenta, ta ce ba ta zubar ba, ita ba jahila ba ce, in an gama ramuwa sai a sha na Turawa. Ɗaya bayan ɗaya, in ji ta, ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya.

Za ki ce ina mutanen gidan. Umma, kin san Yaya ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukarta ta yi magana a kanta. Sai dai in gan ta bayan rumbu tana share ido da bakin zane, in ta hango ni ta ce hayaƙi ne. Baba ya gwada sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Inna ta tambaye shi wai shi a wane asibiti aka haife shi, kuma wa ya yi wa uwar 'ya'yansa wanka har ta haifi shida tana daka da hannu ɗaya? Ta ce in hannunta ya zama guba yau, ya faɗa mata ta tattara kayanta ta bar masa gidan. Tun ranar Baba da ya gama karyawa yake fita, sai magariba. Yaya Bashar, mijin Yaya Zulai, sau ɗaya ya samu ya ratso daga Tsafe. Ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa, Inna tana tsokanarsa wai ya ƙosa a mayar masa da amarya, ya ce duk abin da manya suka gani shi ne daidai. Na bi shi waje da niyyar in gaya masa abin da likita ya ce, muka tsaya, na gaishe shi, ya amsa. Har ya hau mota ban gaya masa ba.

Na gwada abin da zan iya. Na rage kanwa a kunu, Inna ta ɗanɗana da ludayi ta ce wannan ai kunun marowata ne, ta tausaya wa wanda zai aure ni, ta ɗebo da hannunta ta ƙara. Na ce wa Yaya zan hau in ɗauko maganin in Inna ta shiga salla. Ta riƙe mini hannu ta ce kada in soma. Ta ce Inna ce ta goye ta tun daga yaye, ba za ta haɗiyi abin da ta hana a ɓoye ba, kuma tun da ta koma shan kunun Takwara ta rage kuka, to ita wannan ya ishe ta. Na ce mata nas ta ce yawan ba da nonon da cin abinci shi ke kawo shi, ba kanwa ba. Ta yi murmushi kawai ta ce in gyara mata matashi. Gwaggo, kumburin ya dawo, ya wuce gwiwa. Ta koma barci a zaune. Jiya da na miƙa mata zobenta don in gani, ko kan yatsa bai wuce ba. Abin da ya fi tsorata ni, ta fara koya mini goyo. Tana zaune tana haki tana nuna mini yadda zan tallafi wuyan Takwara, da yadda ake ɗaure majanyi kada ya danne mata ciki, da irin jijjigar da take so kafin ta yi barci. Na ce mata me zan yi da wannan, ni da zan koma makaranta? Ta ce ai ilimi ne shi ma.

Don Allah kada ki ɗauka ƙarar Inna nake kawowa. Ita ke fara tashi a gidan nan, hannuwanta duk sun sale da ruwan zafi, ƙafarta mai ciwo take ja ta je yanko ganye da kanta don ta ce mu ba mu iya zaɓe ba. Naman da aka ba ta ba ta ci, sai ta gasa wa Yaya. Tana ganin kumburin nan kamar yadda nake ganinsa, tana jin tsoro kamar yadda nake ji, sai dai ita duk lokacin da tsoron ya kama ta itace take ƙarawa. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni: ba mai ƙin Yaya a gidan nan ko mutum ɗaya.

Ga dalilin da ya sa ke na rubuta wa. Duk wanda ya yi wa Inna magana, da ke take rufe masa baki. Takan ce a je Shagamu a dubi Hanatu, haihuwa bakwai, kowace da wankanta da kanwarta, ga ta nan tana ɗaga huhun goro. Ke ce hujjarta, kuma ke kaɗai ce take saurara ba ta mayar da abin wasa ko faɗa ba. In da hali ki zo, ko kwana ɗaya ne. In hanya ba ta ba da dama ba, ki sa Nana Khadija ta ɗauki muryarki a waya, a sa a memori a ba Malam Jatau, zan kunna mata a rediyon Baba. Kada ki aiko da amsa a rubuce, don ni zan karanta, za ta ce ni na ƙara gishiri. Ba sai kin ce wankanta ba shi da kyau ba, wannan ba za ta ɗauka ba ko daga bakinki. Ki ce mata jikin Zulai ba irin naki ba ne. Ki ce ke kin yafe ramuwar, ta yafe ita ma. Ki roƙe ta ta sauko da langar nan, ta bar Baba ya mayar da Yaya Gusau. Kin fi ni sanin yadda ake shiga zuciyarta.

Na tambayi Malam Jatau yaushe zai juyo, ya ce sai ya sauke kaya ya sami na dawowa, kuma ya danganta da yadda hanya ta kwana. Na auna tafiyarsa da numfashin Yaya, ban ga sun zo daidai ba. Duk da haka na rubuta, don ban san wata ƙofar da zan buga ba. An koya mana sunayen cututtuka da alamominsu da maganinsu, na haddace har na ci jarrabawa, amma ba a koya mana abin da mutum zai yi ba in ya san sunan cutar, ya san maganin, yana kuma ganin langar da aka rufe shi a ciki.

Ki gaishe mini da Alhaji Adamu, da Nana Khadija, da Nura da Maryam, da autanki Sabiru wanda ban taɓa gani ba. Umma tana gaishe ki. Ba ta san abin da na rubuta ba, amma da ta ga ina rubutu ba ta tambaye ni ba, sai ta kawo mini tabarma ta koma. Yaya Zulai ta ce in gaya miki takwararki tana jiran 'yan kunnenta. Ku sa mu a addu'a.

Zan tsaya nan, Inna tana kirana, ruwan tsakar rana ya tafasa kuma ni zan kai shi. In ta juya baya zan sirka da guga ɗaya na sanyi, iyakar abin da ke hannuna ke nan. Gwaggo, in saƙonki ya iso ya tarar an sauke gangar daga wuta, ki zo duk da haka. Za ki sami Takwara a bayana. Na iya goyon yanzu.

Ɗiyarki mai jiran muryarki,
Wasila Yahaya